Tarihin Harajin Gida A Ikko: Masu Gida Ke Kuka, 'Yan Haya Ke Biya



Duk Bahaushen da ke zaune a Ikko, ko a Agege yake ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende, ya san cewa abu na farko da ke cinye kuɗin mutum a garin nan shi ne haya. Kafin a yi maganar cefane ko kuɗin makarantar yara, sai an ware na mai gida tukuna. Kuma sau da yawa in an ƙara mana kuɗin ɗaki ko na shago, dalilin da ake ba mu shi ne wai gwamnati ta ƙara haraji. Mu kuwa sai mu yi shiru mu biya, domin muna ganin mu baƙi ne, maganar haraji da dokokin jiha ta 'yan gari ce.

Wannan ne ya sa na ga ya dace yau mu ɗan waiwaya baya, mu ga yadda mutanen Ikko suka yi ta fafatawa da hukuma a kan harajin gida da tsadar muhalli tun zamanin Turawa, mu ga su wa suka yi magana, me suka samu, kuma su wa aka bari a baya. Abin da na lura da shi cikin wannan tarihi na kusan shekara 130 shi ne, in jama'a suka haɗa kai hukuma takan ja da baya, amma kusan kullum masu gidaje ne da manyan 'yan kasuwa da lauyoyi ke da ƙungiyar da ke yi musu magana. Ɗan haya, wanda a ƙarshe daga aljihunsa kuɗin ke fita, ba kasafai ake jin muryarsa ba.

ZAMANIN TURAWA: HARAJIN GIDA DA KUƊIN RUWA

Turawan Ingila sun karɓe Ikko a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu. Tun a lokacin akwai Hausawa a garin, domin kuwa a 1863 ne wani Bature mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa ya kafa rundunar da daga baya ta zama tushen sojan Nijeriya. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai fataken goro da na shanu suka ƙaru, Agege ta zama zango. Ka ga ke nan duk abin da zan faɗa a ƙasa, a gaban kakanninmu aka yi shi.

Karo na farko da aka yi babban tashin jijiyar wuya a kan harajin gida shi ne a 1895, zamanin Gwamna Gilbert Carter. Gwamnati ta kawo shawarar sa haraji a kan gidaje da filaye. Kimanin mutum 5,000 suka yi jerin gwano zuwa gidan gwamna don nuna ƙin amincewa, kuma ba a aiwatar da harajin ba. Daga nan mutanen Ikko suka gane cewa Bature ma yana jin tsoron taro.

Sai kuma 1908, lokacin da Gwamna Walter Egerton ya ce zai kawo wa garin ruwan famfo daga Iju, wato Iju ɗin nan da ke nan kusa da mu a Agege, amma masu gidaje ne za su biya kuɗin aikin ta hanyar wani haraji da aka kira kuɗin ruwa. Mutanen gari suka ce su suna da rijiyoyinsu, Turawa ne ke bukatar famfo, don haka su biya da kansu. Wasu likitoci biyu, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiya mai suna People's Union don yaƙar wannan haraji, kuma masu tarihi na lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a ƙasar nan. Sarkin Ikko na lokacin, Eleko Eshugbayi, shi ma ya goyi bayan talakawansa. Aka rufe kasuwanni, dubban mutane suka nufi gidan gwamna, dole aka jingine maganar.

An gama aikin ruwan Iju a 1915, sai Gwamna Lugga ya sake tayar da batun. A wannan karon ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, don haka gwamnati ta fara yi wa masu adawa kallon masu cin amanar ƙasa. Shugabannin People's Union suka tsorata suka janye, jama'a kuwa suka juya musu baya, kuɗin ruwa ya tabbata. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan labari shi ne yadda rigimar ta shiga har cikin Babban Masallacin Ikko. Babban limamin garin, wanda ake kira Lemomu Braimah, ya goyi bayan gwamnati, yawancin masu bin sa sallah kuwa suka ƙi. Musulmin Ikko suka rabu gida biyu, ɓangaren Liman da ɓangaren Jama'a, aka yi ta shari'a da gaba shekara da shekaru. Duk a kan harajin da aka ɗora wa gidaje.

Gurbin da su Randle suka bari shi ne Herbert Macaulay ya cike. Ya tsaya tare da Eleko da matan kasuwa, ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, jam'iyyar da ta lashe dukkan kujeru uku na Ikko a majalisar dokoki a wannan shekara. Wato dai siyasar jam'iyyu a Nijeriya, in aka bi salsalarta, za a tarar da kuɗin ruwa a gindinta.

MATAN KASUWA

Ba za a yi wannan tarihi a tsallake Alimotu Pelewura ba. Musulma ce mai sayar da kifi, ba ta yi karatun boko ba, amma ita ce shugabar matan kasuwannin Ikko. A 1940 gwamnati ta ce duk macen da ke samun sama da fam 50 a shekara za ta biya haraji. A watan Disamba na shekarar matan suka rufe kasuwanni, suka kai takardar koke wadda suka dangwala wa yatsu tunda yawancinsu ba su iya sa hannu ba. Hujjarsu ita ce, yaƙi ya sa mazajensu da yawa ba su da aiki, su ke riƙe da gidaje, su ke biyan haya, wani lokaci ma su ke biya wa mazan harajinsu. Gwamnati ba ta soke dokar ba, amma ta ɗaga adadin daga fam 50 zuwa fam 200, wanda ya fitar da mafi yawan matan daga ciki.

Na kawo wannan ne don masu cewa ai mu ba mu yi boko mai zurfi ba, ina mu ina jayayya da gwamnati. Pelewura ba ta da takardar firamare ma. Abin da take da shi ita ce ƙungiya mai jin magana, wadda in aka ce kada a buɗe rumfa gobe, to ba mai buɗewa.

RUSAU DA SUNAN GYARAN GARI

Ɗaya ɓangaren labarin shi ne na muhallin kansa. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko ta kashe mutane da yawa a unguwannin da ke da cunkoso. Saboda haka a 1928 aka kafa hukumar raya birnin, wadda aka fi sani da LEDB, aka ba ta ikon rushe unguwanni da sake tsara su. Babban aikinta ya zo a 1955, lokacin da ake shirin samun mulkin kai, aka ce bai dace babban birnin ƙasa ya kasance da ƙazamin tsakiya ba. Aka ware kimanin eka 70 a tsakiyar tsibirin Ikko don rushewa, aka gina wa mutanen sababbin gidaje a Surulere, wadda a lokacin bayan gari ce.

Wani Bature mai bincike, Peter Marris, ya bi mutanen da aka tasa ya rubuta littafi a kansu a 1961. Ya tarar cewa gidajen Surulere sun fi tsafta, amma 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da yawa sun talauce, saboda an raba su da masu sayen kayansu, ga kuɗin mota kullum zuwa cikin gari. Masu filayen asali kuma aka ce za su iya sake sayen filayensu bayan an gyara, amma a kan farashin da yawancinsu ba za su iya biya ba. Duk ɗan kasuwa ya san wannan matsala: ɗaki mai araha a nesa da kasuwa, in ka lissafa kuɗin mota da cinikin da ka rasa, ya fi mai tsada tsada.

ZAMANIN JAKANDE

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, mutane suka yi ta kwarara Ikko. Ƙarin albashin Udoji da aka amince da shi a 1974 ya sa kuɗi a hannun ma'aikata, masu gidaje kuwa suka ɗaga haya nan take. Gwamnatin soja ta yi dokar ƙayyade kuɗin haya a 1976, har da kotuna na musamman, amma tunda masu neman ɗaki sun ninka ɗakunan da ake da su, dokar ba ta yi tasiri ba. A 1978 kuma aka yi dokar mallakar ƙasa wadda ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna.

Wanda ya zo da wata dabara daban shi ne Alhaji Lateef Jakande, gwamnan farar hula na farko a Jihar Legas, daga 1979 zuwa 1983. Maimakon ya tsaya kan umartar masu gida su rage haya, sai ya shiga gina gidaje masu sauƙin kuɗi da yawa, a wurare irin su Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri da Oke-Afa da Iba da Ijaiye. Ana lissafa masa gidaje kimanin 30,000 cikin shekara huɗu da 'yan watanni. To ina ya samo kuɗin? Cikin hanyoyin da ya bi akwai ƙara harajin gine-gine da farashin filaye a unguwannin masu hali irin su Victoria Island da Lekki, da ƙara kuɗin lasisin gidajen caca. Wato ya karɓa daga wurin da akwai, ya gina wa marasa shi.

A ganina wannan shi ne lokacin da aka fi haɗa haraji da muhalli ta hanyar da talaka ya amfana a tarihin jihar. Har yau in ka shiga motar haya za ka ji kwandasta na kiran "Jakande", domin sunan ya zama sunan unguwanni. Juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ne ya katse aikin.

MAROKO

Shekara bakwai bayan haka aka ga akasin wannan. Maroko unguwar talakawa ce a gefen Victoria Island, kuma wasu mazaunanta ma hukuma ce ta kai su can tun farko bayan ta tashe su daga wasu wurare. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja, Kanar Raji Rasaki, ya ba su wa'adin kwana 7. Da wa'adin ya cika katafiloli suka shiga, ana tsakiyar damina. An ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni. An ce don kare lafiyarsu aka yi, saboda wurin yana ambaliya, amma yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan.

Mutanen Maroko sun kafa kwamiti, sun yi ta zirga-zirga a kotuna shekaru masu yawa, har ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAC ta kai maganar gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka. To amma ga inda nake so mai karatu ya lura. Da aka zo rabon 'yan gidajen da gwamnati ta bayar a Ilasan da Ikota da Epe, masu gidaje aka duba, su ma kaɗan daga cikinsu. 'Yan haya, waɗanda su ne mafi yawan mazauna unguwar, ba su shiga lissafi ba, saboda ba su da takardar da ke nuna sun taɓa zama a wurin.

A 1997 gwamnan soja Buba Marwa ya sake gwada dokar ƙayyade haya, inda aka kasa jihar shiyya-shiyya aka yanka wa kowane irin gida farashi. Ita ma a takarda ta tsaya.

HARAJIN 2001 DA BOREN 2018

Da aka dawo mulkin farar hula, Gwamna Bola Tinubu ya kawo dokar da ake kira Land Use Charge a 2001. Dokar ta haɗa kuɗaɗe uku wuri guda: kuɗin hayar ƙasa, da harajin gini wanda ƙananan hukumomi ke karɓa, da kuɗin gyaran unguwa. Masu masana'antu da manyan 'yan kasuwa suka yi ca, wasu suka tafi kotu, aka zauna da su aka rage adadin ƙwarai.

A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar haya, wadda ita ce ta fi shafar mu kai tsaye. Dokar ta haramta wa mai gida karɓar kuɗin sama da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda ke cikin gida yana biya wata-wata kuma ba za a nemi ya biya sama da na wata 6 a gaba ba. Hukuncin saɓawa shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3, kuma ya hau kan mai karɓa da mai bayarwa duka. Ta kuma ce mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, in ba wata yarjejeniya suka rubuta ba, kuma ɗan haya na iya zuwa kotu in yana ganin ƙarin da aka yi masa ya wuce hankali. An cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja daga dokar. Amma kowa ya san bayan dokar an ci gaba da neman kuɗin shekara biyu, ga na dillali, ga na lauya, ga na ajiya don ɓarna, domin wanda ya ƙi biya akwai mutum goma a bayansa.

Sai 2018, lokacin da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sabunta dokar harajin ta 2001, aka sake ƙiyasta darajar gidaje aka kuma ɗaga adadin. Mutane suka ga takardun biya sun ninka sau da yawa. Ƙungiyar lauyoyi reshen Ikeja, ƙarƙashin shugabanta Adesina Ogunlana, ta jagoranci zanga-zanga zuwa Alausa a watan Maris, ƙungiyoyin masu masana'antu da na masu ɗaukar ma'aikata da na masu gidaje suka yi ta fitar da sanarwa. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta sanar da ragi: kashi 50 cikin 100 ga gine-ginen kasuwanci, kashi 25 ga gidan da mai shi ke zaune tare da 'yan haya da kuma masana'antu, kashi 15 ga gidan da mai shi kaɗai ke ciki, aka kuma yafe tarar jinkiri. A 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta yi sabuwar doka, ta mayar da adadin yadda yake kafin 2018.

Yanzu bari mu duba lissafin, domin a nan ne maganar take. A tsarin da aka koma a 2020, gidan da mai shi ke zaune a ciki shi kaɗai yana biyan kashi 0.0394 cikin 100 na darajar da aka yi wa lissafi, gidan da aka ba da haya gaba ɗaya kuwa kashi 0.394. Wato a kan kowace naira miliyan 1, na farko zai biya naira 394 a shekara, na biyu naira 3,940. Ninki goma ke nan. Hikimar gwamnati ita ce mai ba da haya kasuwanci yake yi, don haka ya fi biya. To amma mai gida ba daga aljihunsa yake fitarwa ba, raba kuɗin yake yi a kan ɗakuna. Sakamakon haka, mai halin da ya gina gidansa ya shiga yana biyan kaɗan, wanda ba shi da ko bulo ɗaya kuma shi ke ɗauke da mai yawan.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ɗauki gida mai ɗaki 10 irin namu na ƙofa na kallon ƙofa, a ce an yi masa lissafi a kan naira miliyan 10. Harajinsa na shekara naira 39,400 ne, kowane ɗaki ya tashi a naira 3,940. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin haya da sunan haraji ya kwatanta wannan da abin da aka ƙara masa. Mahaifina ɗan goro ne, kuma a 2018 an ƙara masa kuɗin ɗakunan da muke ciki da na shago, aka ce Ambode ne ya jawo. Da aka yi ragi a shekarar, da kuma aka sake saukar da adadin a 2020, ba wanda ya zo ya ce masa ga sauƙin da aka samu. Ba na cewa masu gida ba su da nasu uzurin, domin siminti ya yi tsada, darajar naira ta faɗi musamman daga 2023, kuma gidajen ba su isa ba. Amma dai nasarar da aka samu a Alausa a hannunsu ta tsaya, ba ta gangaro wurinmu ba.

DOKOKIN HARAJI NA 2025

Na baya-bayan nan shi ne wanda duk muka shaida. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisar tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A ƙarshen watan gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin kayan masarufi na VAT ba, domin a ganinsu zai fifita jihohi irin su Legas. Malamai suka yi huɗubobi, 'yan majalisa suka ja daga. A ƙarshe aka yi sulhu: kashi 50 na kason jihohi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan, kuma harajin ya tsaya a kashi 7.5 maimakon ƙarin da aka so yi. An sa hannu a ranar 26 ga Yuni 2025, aka sa 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin harajin.

Wannan ya sake nuna cewa yanki in ya yi magana da murya ɗaya ana saurarensa. Amma rigimar ta rabon kuɗi ce tsakanin gwamnoni. Mu 'yan Arewa mazauna Kudu, da muke saye da sayarwa a Legas muke kuma biyan haya a Legas, abin da ya fi shafar mu a dokar wani sashe ne da ba a cika maganarsa ba. Dokar ta ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Ta kuma kawo rangwamen haya: za a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ka biya a shekara daga kuɗin da za a yi maka lissafin haraji a kai, amma kada ya wuce naira 500,000. Alal misali, mai biyan hayar naira 600,000 za a cire masa 120,000 daga lissafi, in kuma yana matakin masu biyan kashi 15 ne, ya tsira da naira 18,000. Ba wani abu mai yawa ba ne, kuma ƙaramin ɗan tireda da samunsa bai kai 800,000 ba babu abin da zai ƙaru da shi. Duk da haka doka ta amince cewa haya nauyi ce da ya kamata a duba wajen karɓar haraji. Sharaɗin shi ne ka iya bayyana ainihin abin da ka biya. Mu kuwa nawa ne cikinmu ke karɓar rasit?

INA MUKA TSAYA?

Ba wai ba mu da ƙungiyoyi ba ne. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da shugabannin kasuwa a Mile 12 da mayankar Agege, muna da kwamitocin masallatai. In rikici ya tashi, kamar na Idi-Araba a 2002 ko na Mile 12 a 2016, nan da nan ake haɗuwa. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda, farashin tumatir da nama ya tashi a Ikko, kuma cikin koke-kokensu har da yawan harajin da ake karɓa a kan hanya. Ke nan mun san yadda ake yi. Sai dai muna jira sai wuta ta kama. A 2022 da aka ba 'yan uwanmu na Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, tambayar da ta taso ita ce irin ta Maroko: wa ke da takarda?

Dalilin wannan sakaci, a nawa ganin, shi ne tunanin ci-rani. Mutum ya shekara 30 a Agege, ya haifi 'ya'ya ya aurar da su a nan, amma har yanzu yana cewa ai gida zan koma, don haka bai damu da rajistar zama ɗan jiha ba, bai mayar da katin zaɓensa nan ba, ba ya zuwa taron ƙungiyar raya unguwa. A wannan taron kuwa ake yanke kuɗin tsaro da na shara da na gyaran kwata, kuma masu gida ne ke cika kujerun.

Saboda haka ga 'yan shawarwari, musamman ga matasa irina da muka ɗan yi makaranta muke iya karanta takarda. Mu tabbatar iyayenmu na karɓar rasit a duk kuɗin da suka biya, da rubutacciyar yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. In an ce haraji ne ya sa aka yi ƙari, a nemi ganin takardar harajin cikin ladabi, a raba ta da yawan ɗakuna. Mu san cewa ma'aikatar shari'a ta jihar tana da cibiyar sasanta jama'a wadda ke sauraron rigimar mai gida da ɗan haya kyauta. Sannan sarakunanmu da shugabannin kasuwa su ware mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne bin abin da majalisar dokoki ke yi a Alausa. A 2025 majalisar ta ɗauko sabon ƙudiri a kan haya da kuɗin dillalai, kuma irin wannan zama na jin ra'ayin jama'a kowa na da damar kai takarda. Ba kuma sai mu kaɗai ba, domin Bayerabe da Ibo da ke ɗakin da ke kallon namu kuɗin da muke biya suke biya, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mutanen 1895 da matan 1940 da lauyoyin 2018 duk sun samu sauƙi ne saboda sun je ƙofar hukuma a ƙungiyance, da hujja a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina fata 'yan uwa mazauna Ibadan da Fatakwal da Onica da sauran garuruwa za su ba mu labarin yadda abin yake a wurarensu, don mu ƙaru da juna.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa muhalli na kansa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.